Tsohuwar da Ta Koma Budurwa: Tatsuniya, Dandamali da Neman Asali a Ayalan

A babban gidan waya na birnin Dublin, bakin titin O'Connell, akwai wani mutum-mutumin tagulla da mai wucewa kan hango ta gilashin taga. Saurayi ne ɗaure a jikin dutse, wuyansa ya langaɓe, takobi bai bar hannunsa ba, hankaka kuma ya sauka a kafaɗarsa. Gwamnatin Ayalan ce ta girke shi a nan a 1935 don tunawa da boren 1916, saboda a wannan gini ne masu boren suka kafa hedkwatarsu, a ƙofarsa kuma suka karanta shelar jamhuriya. Waɗanda suka mutu an san su da sunayensu, akwai malaman makaranta da 'yan ƙwadago da akawuna da marubuta. Amma da aka tashi zaɓar wanda zai tsaya a madadinsu, ba a ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. Cúchulainn aka ɗauka, gwarzon almara, wanda aka ce ya ɗaure kansa a dutse don ya mutu a tsaye, abokan gaba suka kasa matsowa sai da suka ga tsuntsu ya sauka a jikinsa. Hanyar da ta kawo shi daga tsofaffin takardu zuwa wannan taga ta ratsa ta dandamalin wasan kwaikwayo, kuma ta sha ƙura.

Sai an koma baya kafin a gane ƙishirwar da ta sa mutane suka rungumi tatsuniya haka. Tun 1801 aka rushe majalisar Dublin aka haɗe Ayalan da Birtaniya, komai sai abin da Landan ta yanke. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka safe da dare, aka shiga yunwa ta shekara da shekaru. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka hau jiragen ruwa suka bar ƙasar. Yankunan yamma, inda harshen Gelik ya fi ƙarfi, su suka fi jin jiki. Waɗanda suka tsira suka ɗauka cewa Gelik harshen yunwa ne, Turanci kuwa shi ke ba yaro aiki a Boston ko Liverpool, har iyaye da kansu suka riƙa hana 'ya'yansu yaren gida. Ƙidayar 1851 ta sami masu jin Gelik wajen miliyan ɗaya da rabi. Zuwa 1891 ba su kai dubu 700 ba. A wannan shekarar ce kuma Charles Stewart Parnell, jagoran neman mulkin kai a majalisar Landan, ya rasu bayan jam'iyyarsa ta dare gida biyu. Siyasa ta cije, sai masu kishin ƙasa suka juya ga abin da ya rage musu. A 1892 Douglas Hyde ya yi wata lacca a Dublin kan wajibcin kankare rinin Ingila daga jikin Ayalan, shekara ɗaya bayan nan shi da wasu suka kafa ƙungiyar farfaɗo da Gelik.

Akwai kuma wani ciwo da ya shafi dandamali kai tsaye. Ɗaruruwan shekaru gidajen wasa na Landan suna da wani ɗan Ayalan nasu na musamman: mashayi, mai surutu, mai saurin hannu, wawan da ake shigo da shi don a yi dariya. Mujallar Punch ta riƙa zana shi da fuskar biri. Wannan hoto ba wasa ba ne kawai, hujja ce ta siyasa, domin wanda aka nuna shi wawa ba a miƙa masa ragamar kansa. Da W. B. Yeats da Lady Gregory da Edward Martyn suka fitar da takardar neman tallafi don kafa gidan wasa na ƙasa, abin da suka yi alkawari shi ne za su nuna Ayalan gidan tsohuwar daraja ce, ba gidan wauta ba. Ina za a samo wannan daraja? Majalisa babu, sarauta babu, harshe na tafiya. Labarai ne suka rage.

Labaran nan kuwa rafi biyu ne, kuma bambancinsu shi ne rabin wannan zance. Na farko na takarda ne. Malaman zuhudu na Kirista sun rubuta almarar kakanninsu a kan fatar maraƙi, cikin kundaye irin su Lebor na hUidre da Littafin Leinster, duka na wajajen ƙarni na 12. A ciki ake samun yaƙin da sarauniya Medb ta Connacht ta tayar don ƙwace wani bijimi daga Ulster, da Cúchulainn da ya tare mata hanya shi kaɗai, da Deirdre wadda aka yi duba tun tana ciki cewa kyawunta zai jawo halaka. Rafi na biyu na baka ne, yana bakin masunta da manoman haya. Da dare ya yi a lokacin sanyi, maƙwabta kan taru a gidan wani seanchaí, wato ma'ajin labaran gari, a zauna gaban murhu. Nasu labaran na mutanen ɓoye ne da ke zaune cikin tuddai, masu satar jarirai da amare su bar musanya, da macen aljanu mai kuka a bayan gida in wani zai mutu, da bishiyar ƙaya da ba a sara ko tana tsakiyar gona. Na farko ya dace da mai neman gwarzo. Na biyu bai damu da martabar kowa ba, tsoro da yunwa da mutuwa da dariya yake ɗauke da su.

Su wa suka je ɗibar wannan ruwa? A nan ne abin ke da nauyi. Masu labaran talakawa ne 'yan Katolika masu jin Gelik. Masu tattarawa kuwa, Yeats da Gregory da John Millington Synge da shi kansa Hyde, duk Furotesta ne, daga ɓangaren da ke riƙe da filaye da coci da muƙamai. Lady Gregory tana zaune a katafaren gidan gona na Coole a yankin Galway, tana shiga ƙauyukan Kiltartan da gidan gajiyayyu na garin Gort da littafin rubutu a hannu. Mijinta, Sir William Gregory, shi ne ya shigar da wani sashe cikin dokar agaji ta 1847 wanda ya hana tallafin gwamnati ga duk mai riƙe da fili fiye da rubu'in eka, sashen da ya tilasta wa dubban mayunwata barin gonakinsu. 'Ya'ya da jikokin waɗannan mutane ne suke ba matarsa labari. Ba na shakkar gaskiyar ƙaunar da ta yi wa aikin. Ta koyi Gelik da girmanta, kuma ba don wahalarta ba da gidan wasan bai rayu ba. Amma da ta fitar da labarin Cúchulainn da Turanci a 1902, ta tace shi. Ta cire batsa da ƙazanta da munin kamannin gwarzon in fushin yaƙi ya hau kansa, ta bar kyakkyawan saurayi mai kunya da cika alkawari. Sai a 1969, da fassarar Thomas Kinsella, akasarin masu karatun Turanci suka ga yadda asalin yake da kaushi. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda jami'in mulkin mallaka Frank Edgar ya harhaɗa daga abin da malamai suka rubuta da ajami, a Belfast aka buga shi tsakanin 1911 da 1913, a tsibirin nan, a shekarun da ake wannan taƙaddama. Mu ma mun san daɗin samun abin da aka adana mana, mun kuma san tambayar da ke biyo baya, ta wa ya zaɓa da abin da ya bari.

Tun wasan farko aka yi karo. A 1899 aka nuna The Countess Cathleen na Yeats, inda shaiɗanu biyu cikin shigar fatake suke sayen rayukan mayunwata da zinariya, sai wata mai sarauta ta sayar da nata ran don ta fanshi talakawanta. Ga Yeats wannan labarin sadaukarwa ne. Ga jikokin waɗanda aka yi wa tayin miya a lokacin yunwa bisa sharaɗin su bar Katolika, cin fuska ne a nuna talaka yana sayar da imaninsa, mai fili kuma ta zama mai ceto. Kadinal Logue ya yi tir da wasan ba tare da ya karanta shi ba, aka yi shi da 'yan sanda a cikin zaure.

Shekara uku bayan haka suka sami abin da jama'a ke jira. A watan Afrilun 1902, a wani ƙaramin zaure mai suna St Teresa, aka nuna Cathleen ni Houlihan. Ɗan gajeren wasa ne. Ɗakin wani manomi ne kusa da Killala a 1798, ranar da sojojin Faransa suka sauka don taimakon masu bore. Ana shirin auren babban ɗan gidan, Michael. Uwa na duba kayan ango, uba na ƙirga fam ɗari da iyayen amarya suka bayar yana lissafin ƙaro gona. Sai ga wata tsohuwa cikin mayafi ta shigo. Aka ba ta wuri kusa da wuta. Aka tambaye ta abin da ya raba ta da gida, ta ce baƙi ne suka cika mata shi, suka ƙwace gonakinta huɗu, adadin lardunan Ayalan ke nan. Aka miƙa mata madara, aka miƙa mata sule, ta ƙi. Ba kuɗi take so ba, mai taimakonta sai ya ba ta kansa ɗungum. Ta lissafa mazan da suka mutu dominta, ta yi alkawarin ba za a manta da masu binta ba har abada. Michael ya saki kayan aure, ya zare jikinsa daga hannun amaryarsa, ya bi ta. Da aka tambayi ƙanensa ko ya ga wata tsohuwa a hanya, ya ce shi budurwa ya gani, tana taku irin na sarauniya. Maud Gonne ce ta fito a matsayin tsohuwar, mace doguwa da kowa a zauren ya san ta da fafutukar 'yanci, don haka babu wanda ya ɗauka wasa kawai yake kallo.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne sauyin da aka yi wa tushen labarin. A tsohuwar almara akwai mummunar tsohuwa mai gadin rijiya, wadda ta ce ba mai shan ruwa sai ya sumbace ta. 'Yan'uwan Niall suka ƙyamace ta, shi ya rungume ta, nan take ta rikiɗe ta zama kyakkyawa, ta ce ita ce sarautar ƙasa. A can, saduwa ce ke mayar da tsohuwa budurwa, kuma abin da ke biyo baya mulki ne da albarka. A wasan 1902 jinin samari ne ke yin wannan aiki, aure kuma shi ne abin da ake gudu. An ɗauki labarin rayuwa an juya shi ya zama kiran mutuwa, aka kuma miƙa shi ga jama'a a matsayin gadon kakanni. Marubuci Stephen Gwynn, wanda ya kalli wasan, ya rubuta daga baya cewa ya koma gida yana tambayar kansa ko ya dace a nuna irin wannan in ba a shirya ganin mutane sun fita su harbi wasu a harbe su ba. Yeats ma, dab da rasuwarsa a 1939, ya yi wa kansa irin wannan tambaya a cikin wata waƙa. Wasan yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ƙarfin ne abin tsoronsa, domin bai bar wa Delia, amaryar da aka bari tsaye, wata hujja da za a saurara ba.

Synge ya bi ɗaya rafin. Ya haɗu da Yeats a Faris a 1896, daga 1898 kuma ya riƙa zuwa tsibiran Aran da ke bakin tekun Galway, yana zama cikin masunta, yana koyon harshensu. A ganina Riders to the Sea, na 1904, shi ne mafi kyawun abin da wannan yunƙuri ya haifar, kuma ko tuta ɗaya babu a cikinsa. Tsohuwa Maurya teku ta cinye mata miji da suruki da 'ya'ya maza, saura biyu, ɗayansu Michael ya ɓace kwana tara. An kawo wa 'yan matan gidan ƙunshin tufafin wata gawa da ruwa ya kai can arewa. Suka ɓoye wa uwar, suka kwance, ƙaramar ta ɗauki safa ta ƙirga idon saƙar, ta gane aikin hannunta ne, har inda ta zubar da ƙulli huɗu. A jikin bango an jingine fararen katakai da aka saya don akwatin gawarsa. Autan maza, Bartley, ya dage sai ya kai dawaki kasuwa. Uwar ta bi shi da burodi don ta sa masa albarka, sai ta ga Michael cikin sababbin kaya a kan doki mai ruwan toka yana biye da shi. Ta dawo ta zauna, ta san abin da zai faru tun kafin mata su shigo suna kukan makoki. Da maza suka zo haɗa akwatin, aka tarar ta manta da sayen ƙusa. A nan camfi ba ado ba ne da aka liƙa don burge baƙo. Shi ne yadda matar da ta binne 'ya'ya da yawa take sanin abin da ke tafe, kuma Synge ya bar ta da saninta, bai yi mata fassara ba.

An buɗe gidan wasan su Yeats, Abbey, a ranar 27 ga Disamba, 1904, da kuɗin wata Baturiyar Ingila, Annie Horniman, wadda ta gaji dukiyar cinikin shayi. A nan ne, a ranar 26 ga Janairu, 1907, aka fara nuna The Playboy of the Western World. Tushensa labari ne da Synge ya ji a Aran, na wani da ya kashe ubansa da shebur mutanen tsibiri suka ɓoye shi daga 'yan sanda. A wasan, wani raggon saurayi mai suna Christy Mahon ya faɗo wata mashaya a Mayo, ya ce ya kashe ubansa. Maimakon a kama shi sai aka ba shi aiki da wurin kwana. 'Yan mata suka zo da ƙwai da man shanu don su ga jarumi. Kullum ya maimaita labarin sai saran ya ƙara zurfi, shi ma ya ƙara tsayi a idon kansa, har ya ci tseren alfadarai ya sace zuciyar Pegeen, 'yar mai mashayar. Sai ga uban ya bayyana da ɗaurin kai, bai mutu ba. Christy ya sake kai masa sara, wannan karon a gaban kowa, nan da nan masu yi masa kirari suka ɗaure shi da igiya za su miƙa shi ga hukuma, Pegeen da hannunta ta ƙona masa ƙafa. Sun so kisan a labari, da suka gan shi a bayan gida sai ya zama ƙazanta.

Zauren ya kaure da ihu a daren farko lokacin da aka ambaci rigar ciki ta mata, aka kwashe mako ana buga ƙafa da busa, ba a jin 'yan wasa, sai da aka kira 'yan sandan Sarkin Ingila su tsare gidan wasan ƙasa daga 'yan ƙasa. Arthur Griffith, wanda ya kafa jam'iyyar Sinn Féin, yana cikin masu suka. An saba kwatanta masu ihun da jahilai, ni ban ga haka ba. Shekara goma sha biyu kacal kafin nan, a 1895, wani mai suna Michael Cleary a yankin Tipperary ya ƙone matarsa Bridget, tela mai shekara 26, yana cewa mutanen ɓoye sun sace ta gaskiyar sun bar masa musanya. Jaridun masu adawa da mulkin kai suka yi ta kaɗa gangar lamarin a matsayin shaidar cewa irin waɗannan mutane ba su isa riƙe kansu ba. Wanda ya ga haka yana da dalilin jin zafi in ɗan masu filaye ya hau dandamali ya nuna ƙauyawa suna yi wa mai kisan uba biki. Tonon asiri ne a gaban baƙi, a lokacin da baƙin ke neman hujja. Duk da haka Synge ne ke da gaskiya. Wasansa yana nuna yadda al'umma mai ƙishirwar gwarzo take ƙera shi da bakinta daga abin da ta samu, kuma wannan shi ne ainihin aikin da 'yan kallon da marubutan suke yi da Cúchulainn da Cathleen. Sun zo neman ƙauyen da suka baro a wanke a goge, shi kuma ya kawo musu shi da ƙurarsa da daɗin bakinsa. Ya rasu a 1909 yana da shekara 37.

Patrick Pearse ya ɗauki gwarzon da aka tace da muhimmanci fiye da kowa. A makarantar St Enda da ya buɗe a 1908 akwai zanen Cúchulainn yaro yana karɓar makamai, ɗalibai kuma suna wasan kwaikwayon ƙuruciyarsa. Shi ne ya karanta shelar jamhuriya ranar 24 ga Afrilu, 1916, shelar da ke magana da Ayalan a matsayin uwa mai kiran 'ya'yanta. Ɗan bore na farko da aka kashe a ranar, Seán Connolly, ɗan wasan Abbey ne. Bai kamata a zarce a ce wasa ne ya haifi boren ba. Akwai ƙungiyar asiri ta 'yan jamhuriya da ta daɗe tana shiri, akwai rikicin mulkin kai da makaman da 'yan Ulster suka shigo da su a 1914, akwai yajin aikin Dublin na 1913, akwai yaƙin duniya. Abin da dandamali ya bayar shi ne harshen da aka fahimci mutuwar da shi. Da Birtaniya ta harbe shugabannin ɗaya bayan ɗaya a watan Mayu, jama'a sun riga sun san labarin da za su sa su a ciki.

Bayan samun mulkin kai a 1922 tsohuwar ta shiga ofis. Sabuwar gwamnati ta fara ba Abbey tallafin fam 850 a 1925. Daga 1928 hoton Cathleen ya hau takardun kuɗi, da fuskar Hazel Lavery, haifaffiyar Chicago, matar mai zanen. A 1935 aka kafa hukumar tattara adabin baka ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ma'aikatanta suka bi ƙauyuka da na'urar naɗar murya, daga 1937 kuma yara fiye da dubu 50 a makarantun firamare wajen dubu 5 suka rubuto abin da suka ji daga bakin tsofaffinsu. Wannan aiki abin a yaba ne ba tare da wani sharaɗi ba, yana ajiye yau a jami'ar UCD da ke Dublin, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke da irinsa. Amma a dandamali hoton ƙauye ya daskare, aka yi ta maimaita wasannin ɗakin girki da murhu da karin magana alhali ƙauyukan na gaske suna zama kufai, mutum wajen dubu 400 suka bar ƙasar a shekarun 1950 kaɗai.

Seán O'Casey, ɗan unguwannin talakawan Dublin, shi ya fara tambayar abin da tsohuwar ta biya masu binta. A The Plough and the Stars, na 1926, ana jin muryar mai jawabi daga waje yana kirarin jini da kalmomin da aka ɗebo daga jawaban Pearse, a cikin mashaya kuwa wata karuwa na kukan rashin ciniki, sannan aka shigo da tutar jamhuriya wurin. Aka sake yin tarzoma, wannan karon matan da suka rasa maza da 'ya'ya a 1916 ne a gaba, cikinsu har da Hanna Sheehy-Skeffington wadda wani hafsan Birtaniya ya sa aka harbe mijinta ba da wani laifi ba. Ba zan iya ce wa irin wannan mata ba ta da ikon fushi ba. Sai dai O'Casey ya taɓo inda ke ciwo: ƙasar da ta ɗaukaka mace a matsayin alama ba ta yi wa matan da ke numfashi adalci ba. Tsarin mulkin 1937 ya ajiye matsayin mace a cikin gida, gidajen wanki na Magdalene da ake tsare 'yan matan da aka ce sun jawo abin kunya kuma ba a rufe na ƙarshensu ba sai a 1996. Ita kanta Lady Gregory, wadda bincike ya nuna ita ta rubuta kaso mai yawa na Cathleen ni Houlihan, sunan Yeats kaɗai aka sa a kai shekaru da dama. A 2015, da Abbey ta fitar da jerin wasanni goma na cikar boren shekara ɗari, ɗaya tak mace ta rubuta, mata masu sana'ar suka tashi tsaye sai da aka sake lale.

Akwai asarar da ba a mayar ba. Kusan duk wasannin nan da Turanci aka yi su, Turancin da aka ɗora a kan ƙashin Gelik don ya yi ƙamshin gida. An yi ƙoƙari da harshen asali: Casadh an tSúgáin na Hyde ya hau dandamali a 1901, a 1928 kuma aka buɗe gidan wasa na Gelik zalla a Galway. Amma duniya ta san Deirdre da Cúchulainn ne ta bakin Turanci, kuma nasarar wannan sabon Turancin ta rage wa mutane jin cewa dole ne su riƙe tsohon harshen. Brian Friel ya sa wannan a dandamali a Translations, wanda aka fara nunawa a Derry a 1980, inda sojojin safiyo suke bin ƙauyukan Donegal a 1833 suna sauya sunan kowane tudu da rijiya, tare da sunan kuma labarin da ya haife shi ke ɓacewa. A ƙidayar 2022 mutum fiye da miliyan 1.8 suka ce suna iya Gelik, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce dubu 72 ba.

Marubutan baya sun daina tambayar tatsuniya ta ba su tuta, suka koma kan abin da take yi wa mai ba da ita. A Bailegangaire na Tom Murphy, na 1985, wata tsohuwa da hankalinta ya fara gushewa tana kwance a gado, kowane dare sai ta ɗauko labarin wata gasar dariya da salon masu labarin da, amma ba ta taɓa kai shi ƙarshe. Jikarta ta matsa mata sai ta ƙarasa, a ƙarshen kuwa akwai mutuwar ƙaramin jikanta a gobara, a daren da gasar ta tsare ta a hanya. A The Weir na Conor McPherson, na 1997, mazan wani ƙauye a Leitrim suna ba wata baƙuwa daga Dublin labaran aljanu a mashaya don su burge ta, sai ita ta ba da nata, na 'yarta da ta nutse a ruwa da muryar da ta ji a waya bayan an binne ta. Labaran mazan ne suka buɗe mata ƙofar faɗin abin da ta kasa faɗa a birni. Wannan ya fi kusa da abin da ake yi a gaban murhun seanchaí fiye da duk wani gwarzo mai sulke.

Mallakar labaran ma ta kuɓuce daga hannun masu kishin jamhuriya. A gabashin Belfast, 'yan Furotesta masu son zama da Birtaniya sun zana Cúchulainn a bango, cikin tsayuwar nan ta mutum-mutumin Dublin, a matsayin mai kare Ulster daga mahara na kudu, kuma almarar ba ta ƙaryata su ba, domin abin da ya yi ke nan a cikinta. A 2004 masu zaɓe a Jamhuriyar Ayalan, da rinjaye mai yawa, suka soke dokar da ke ba duk wanda aka haifa a tsibirin zama ɗan ƙasa kai tsaye, bayan muhawarar da aka yi ta ambaton mata baƙin haure a cikinta, 'yan Najeriya a kan gaba. Shekara uku bayan haka, a cikar Playboy shekara ɗari, Abbey ta nuna sabon salonsa wanda Bisi Adigun, ɗan Najeriya da ke zaune a Ayalan a lokacin, ya rubuta tare da Roddy Doyle. An ɗauke mashayar daga Mayo an kai ta yammacin Dublin, baƙon da ya faɗo kuma Christopher Malomo ne, mai neman mafaka, wanda ya ce ya kashe ubansa da taɓaryar daka sakwara. 'Yan unguwar suka karɓe shi hannu bibbiyu muddin labarin na da daɗi, suka juya masa baya da uban ya iso daga Najeriya da ransa.